Tungar Barau, Lamba 214

Talata Mafara,
20 ga Nuwamba, 1977.

Zuwa ga taubashina kuma bawana, Nasidi, a zangon shanu na Agege.

Bayan gaisuwa mai yawa da so da aminci, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Yaya Suwaiba da ɗiya? Barkanku da shirin Sallah. Na san takardar nan za ta iske ka tsakiyar raguna, kana rantse wa mutanen Ikko cewa ragon da ya kwana huɗu a mota bai rame ba, ƙirarsa ce haka.

Labarin da direbobi suka kai maka gaskiya ne. Na aje sandar dillanci, na bar kara, kuma ban haukace ba. Ina aiki da wani Dokta Ayuba, ɗan Bakura, wanda ya yi karatu Zariya da Ingila. Dokta ne amma ba na allura ba, na ciyawa ne. A kara ya same ni yana tambayar abin da shanu suka ci suka rayu a shekarun fari. Kowa ya ɗauka ɗan leƙen asiri ne, sai ni da na duba takalminsa na ga ƙaya ta cinye shi, na san wanga ba mutumin ofis ba ne. Yana neman wanda ya san hanya, yana jin Fillanci, yana ɗan karanta boko. Ka ga aji bakwai ɗin da kake yi mini dariya ya yi rana.

Aikin shi ne, kafin ruwan madatsar Bakolori ya rufe kwarinmu, Dokta yana son ya ɗauki ɗaya-ɗaya daga kowane tsiro da ke ciki. Mu tsinko, mu shimfiɗa tsakanin tsofaffin jaridu, mu danne da katako biyu, mu ɗaure da igiya har ya bushe. Sannan a manna a farar takarda mai kauri, a rubuta rana, da wuri, da sunan wanda ya tsinko, da lamba. Mun zaga daga fadamar Maradun har bayan Gidan Goga.

Na kai shi Tungar Barau wajen Innarka, Gwaggo Marka. Ka san an ce su tashi bayan kaka, kuma tun da aka faɗa ta rage cin abinci. Dokta ya durƙusa ya gaishe ta, ya nuna mata wani ganye ya faɗi sunansa. Ta ce masa ba shi ba ne, ƙaninsa ne, wancan yana da gashi a bayan ganye. Ya ciro madubinsa ya duba, ya ga haka ne. Daga nan ta ɗaura ɗamara. Kwana uku tana gaba muna biye, ni da na girme ka da wata bakwai ina haki, ita ko a jikinta.

A dutsen bayan maƙabarta ta nuna masa ƙi-rani, ɗan tsiron nan mai yaɗo da take aika mu tonowa idan maraƙi ya kama zawo, wanda ke nan kore shar ko a tsakiyar bazara. Nasidi, mutumin nan ya kwanta rub da ciki a kan dutse tun azahar har la'asar ta kusa kuɓuce mana. Ya ce ba wanda ya taɓa rubuta cewa yana fitowa a ƙasarmu, balle cewa shanu na cin sa. Da ya zo rubuta takardarsa sai ya sa: Tungar Barau, Marka da Ayuba, lamba 214. Sunanta ne gaba, don ita ta tsinko. Da na karanta mata, ta ce ta haifi tara ta binne huɗu, ba a taɓa rubuta sunanta ba sai a takardar tashi. Ranar ta ci tuwo malmala biyu.

Aibin Dokta ɗaya ne: bai iya ciniki ba. Abin da aka faɗa masa da farko shi yake biya. Masu albasa a Bakura har addu'ar tsawon rai suke yi masa. Allah ne ya dube shi ya haɗa shi da ni.

Ka gaida mutanen zango. Ka huta lafiya.

Ni ne ubangidanka,
Ɗantani.


Talata Mafara,
9 ga Agusta, 1978.

Zuwa ga Nasidi,

Gaisuwa da fatan alheri, tare da barka da shan ruwa. Yaya ibada, yaya iyali? Na samu takardarka, na kuma ga inda ka kira ni sarkin ciyayin Mafara. Na karɓi sarautar, ka aiko da rawani.

Ka tambayi Tunga. Ruwa ya shiga. Makon jiya mun tsaya a kan tudu, ban gane komai ba sai kan giginyar ƙofar gidanku. Ban daɗe a wurin ba. Gwaggo tana sabon matsuguni kusa da Maradun, lafiyarta lau, sai dai wurin tsandauri ne. Amma kowace Talata, in ta gama cin kasuwa, sai ta biyo ta ofishinmu. Muna da ɗaki guda da ake kira ɗakin ganye, takardu dubu da ɗari uku cikin akwatunan ƙarfe. Takan ce a buɗe mata na aduwar bakin rijiya, da na kanyar gonar marigayi mahaifinka, da lamba 214. Ta shinshina, ta ba da labarin kowanne, ta yi dariya, ta tafi. Ta ce nan ne kaɗai take zuwa gida.

Yanzu ga babban labari. An buga rubutun Dokta a kan tsirran kwarinmu a wata mujalla ta Ingila. Shi ne na bakwai da ya buga cikin shekara huɗu, amma ya ce duk ya fi su. Masu mujallar sun aiko masa da kwafi hamsin a ɗaure. Ka san me ya fara yi? Ya zare ɗaya ya miƙa wa wani malamin sakandare da ya shigo neman ruwan alwala. Kyauta! Na ji kamar an soke ni.

To, mabuɗin akwatin gidan waya a hannuna yake. Wata guda da fitowar rubutun sai ga wasu 'yan katuna sun fara zuwa, ko ambulan babu, kowa na iya karantawa. Daga Indiya, daga Jamus, daga Mali, har daga Ostireliya. Duk magana ɗaya ce: don Allah a aiko mana da kwafin rubutunka a kan kaza, mun gode. Na juya gaba na juya baya, ba wanda ya taya. Ka ji fa! Kayan da Gwaggo ta hau dutse a kansa, ni na sha ƙaya, su zauna ƙarƙashin fanka su aiko da bara a kati. Na san in Dokta ya gani, kafin Juma'a hamsin ɗin sun ƙare, har da godiya zai haɗa musu.

Don haka na yi abin da mahaifina ya koya mana a kara: mai tayin farko ba a kula shi. Na samu gwangwanin biskit ina tara su. Kullum Dokta na tambayata ko akwai wasiƙa, ni kuwa in miƙa masa masu ambulan, ban yi ƙarya ba. Yakan duba, ya koma kan tafiretansa. Na gane babban mai saye yake jira, kuma zai zo. Akwai wani mutumin Sudan da ya aiko sau biyu, na biyun har da jan layi a ƙarƙashin don Allah. Wanga ya fara nuna. In ya dawo na uku, zan kai wa Dokta shi a ɗaure, in nuna masa yadda ake sayar da ilimi da daraja.

Kada ka faɗa wa kowa. Ka gaida Suwaiba. Allah ya karɓi ibada.

Naka,
Ɗantani, sarkin ciyayi.


Talata Mafara,
6 ga Fabrairu, 1979.

Ɗan'uwana Nasidi,

Bayan gaisuwa, ina fatan kuna lafiya kai da iyali. Mu ma jiki lafiya. Yau ba zan tsokane ka ba, don na yi abin da za ka yi shekara goma kana yi mini dariya, in ma abin ya tsaya ga dariya.

An kawo mana sabon manaja a ofishin aikin madatsa. Ba mugu ba ne, mutumin noman rani ne, tunaninsa alkama da shinkafa. Taki ya iso tirela uku ba wurin ajiya, ya zaga ya ga ɗakinmu ne mai rufin da ba ya yoyo. Ya ce busasshen ganye wa yake yi wa amfani? Ya ba Dokta zuwa ashirin ga Maris, ranar da wani farfesa zai zo daga jami'a su duba tare. In an nuna cewa akwai masu amfani da aikin, ɗaki ya tsaya. In babu, a fitar da akwatunan zuwa rumfa. Rumfa kuwa, Nasidi, damina ɗaya da gara sun gama da su.

Yau Talata, Gwaggo ta zo kamar kullum, ta iske Dokta zaune bai ko buɗe tafireta ba. Ta ce ɗan nan, wa ya mutu? Sai ya zauna ya yi mata bayani dalla-dalla, ina tsaye ina gyara jaridu. Ya ce sana'arsu kamar ta malaman zaure ce. Malami ba a auna shi da yawan littattafan da ya tara, sai da yawan masu cewa in ji malam wane. Su ma haka: in ka yi rubutu, wani masani a wata ƙasa ya kafa hujja da kai ya ambaci sunanka, to an ƙidaya maka ɗaya. Akwai ma wani ƙaton littafi da ake tara wanga ambato duk shekara. Ya ce hanyar kuwa ita ce, wanda ya ga sunan rubutunka sai ya aiko da ɗan kati, kai kuma ka aika masa kwafi kyauta, ya karanta, ya ambace ka. Wanda katunansa suka yi yawa shi ne kasuwarsa ta ci. Ya ce a rubutunsa na baya ya samu uku, huɗu, har bakwai. Wanga da ya fi ƙauna, wata goma ko ɗaya. Ya ce wataƙila manaja na da gaskiya, duniya ba ta damu da ciyawar Tungar Barau ba.

Nasidi, ana sanyin nan na alkama, ni gumi har cikin takalmi. Ashe a kasuwarsu katin shi ne tayin, kyautar ita ce cinikin, ambaton shi ne riba. Ni kuwa na zauna a kan ƙofa wata tara ina korar masu saye, ina yaba wa kaina.

Na zame na fita bayan ɗaki. Ban ankara ba sai ga Gwaggo a bayana. Ta ce wagga fuskar ta san ta tun ranar da ƙuli-ƙulinta ya ɓace aka iske mai a aljihuna. Na faɗa mata komai. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Cewa ta yi, ruwan gwamnati ya ci Tunga sau ɗaya, ba yadda ta iya. In aka fitar da ganyenta, Tunga ta nutse sau biyu, na biyun kuma da hannun ɗan ƙaninta. Ta ce ba za ta koma Maradun ba, a gidana za ta kwana, da safe ko in ɗauki gwangwanin da kaina ko ta ɗauka a ka ta ratsa kasuwa da shi.

Ina jin kunyar mutumin nan fiye da tsoron kora. Ka sa ni a addu'a. In ka ji na dawo kara, kada ka tambaya.

Ɗan'uwanka,
Ɗantani.


Talata Mafara,
27 ga Maris, 1979.

Zuwa ga bawana Nasidi, wanda bai kai ya ɗaukar mini gwangwani ba,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, da Suwaiba, da ɗiya, da dukan mutanen zango. Daga yadda na buɗe takardar ka san ban mutu ba. Gyara zama.

Washegari na kai gwangwanin, Gwaggo na bayana kamar mai korar akuya. Na juye a teburin Dokta. Kati sittin da ɗaya. Ya ɗauki ɗaya ya karanta, ya ɗauki na biyu, ya duba kwanan wata, ya dube ni. Na yi masa bayanin hikimata tun daga mai tayin farko har zuwa mutumin Sudan da ya nuna. Ya sulale daga kujera ya zauna a ƙasa. Na ce shi ke nan, na kashe dokta. Ashe dariya ce. Ya yi ta har hawaye, yana ɗaga katunan yana kiran sunayen ƙasashe, yana nuna wa Gwaggo kan sarkin kowacce. Da ya lafa sai ya ce, Ɗantani, Allah ya shirye ka, kawo mabuɗin. Na miƙa. Wannan ya fi mini mari ciwo, amma ni na jawo.

Kwana biyu muna aika kwafi. Na lashi kan sarki har harshena ya manne da dasashi. Arba'in da tara suka ƙare, sauran sha biyu Dokta ya buga musu da tafireta. Kowanne da 'yar takardar ban haƙuri, wai an samu jinkiri daga sashen wasiƙu. Ni ne sashen.

Na roƙe shi abu ɗaya: ya bar mini jeren kaya ranar da baƙi za su zo, don nan ne fagena. Na aro taswirar duniya a firamare na kafa a bango. Gwaggo ta ba da zarenta, na ja daga kowane kati zuwa ƙasarsa. Na jera su yadda ake jera shanu: masu kyan kan sarki a gaba, na nesa a tsakiya inda ido ke fara sauka, na Sudan guda uku a gefe ɗaya kamar 'yan uku. Gwaggo kuwa na zaunar da ita kan tabarma kusa da akwatin da lamba 214 ke ciki, da sabon zane.

Farfesan tsoho ne mai furfura, ya tsaya gaban bangon yana ta gyaɗa kai. Na ce ciniki ya faɗa. Sai manaja ya yi gyaran murya ya ce, waɗannan sun nuna an tambaya, ba su nuna an yi amfani ba, mai taya saniya daban, mai jan ta zuwa gida daban. Wallahi da a kara ne da na ba shi hannu.

Sai Dokta ya sa hannu a aljihun riga, a hankali, ya zaro wata ambulan. Kwana huɗu ke nan da zuwanta, ya ɓoye mini, ya ɓoye wa kowa. Mutumin Sudan ne. Shafin farko faɗa ne zalla: ya aiko sau uku an yi banza da shi, dole ya shiga jirgin ƙasa kwana biyu zuwa Hartum, ya zauna a ɗakin karatu ya kwafe rubutun Dokta da hannu, don ƙasarsu ma fari ya kashe shanu kuma suna da dutse irin namu. A ciki kuma ga nasa rubutun da aka buga, ya ambaci Ayuba sau biyar. Farfesa ya karɓa ya karanta a fili, har ya zo wani layi ya tsaya, ya sake karantawa: Tungar Barau, Marka da Ayuba, 214.

Ya tambaya ina 214 ɗin. Na buɗe akwati na ɗauko. Ya tambaya wace ce Marka. Gwaggo ta ce ga ta, lafiya? Tsohon nan ya cire hula ya durƙusa ya gaishe ta. Sannan ya juya ga manaja ya ce, tun da lambar nan ta shiga littafin wani a wata ƙasa, ganyen ya zama shaida. Ko bayan shekara hamsin wani na iya tasowa daga ko'ina ya ce a nuna masa, kuma dole a nuna. Ɗakin da ke riƙe da shaida ba a zuba masa taki. Manaja ya ce to, a gyara rufin rumfa a sa takin can. Kafin ya fita ma ya rage murya ya tambayi Gwaggo abin da ake ba maraƙi mai zawo.

Da suka tafi na ce wa Dokta, ashe ka iya ɓoye babban sa sai ƙarshen kasuwa? Ya ce kusan shekara biyu yana zaune da ɓarawo, dole ya koyi wani abu. Na ce ya dai yarda, da na aika wa mutumin Sudan tun katin farko, da bai ji zafin da zai ambace shi har sau biyar ba. Ya jefe ni da mabuɗin gidan waya. Na cafe, yana aljihuna yanzu.

Gwaggo ta ce a nuna mata inda sunan yake. Na ɗora yatsanta a kan layin, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Ta tambaya ina ne Sudan ɗin. Na ce kan hanyar Makka ne, ta nan kakanninmu ke bi da ƙafa. Ta ce ikon Allah, ita tana nan tana jiran kujera, ashe Tunga ta riga ta kama hanya.

Katuna na ci gaba da zuwa, huɗu a makon nan, ina kai su da gudu. Dokta ya fara rubutu na takwas, a kan ciyayin fadama, ya ce sunana zai shiga. Na ce a sa shi inda ido ke fara sauka.

A cikin ambulan ɗin nan za ka ga kwafi ɗaya da na sa aka buga maka, da ɗan reshen ƙi-rani a cikin jarida. Ba daga akwati na ɗauka ba, kada ka fara. Gwaggo ce ta dasa saiwarsa a tsakuwar bayan sabon ɗakinta, ya kama, ga shi kore a bazarar nan. Ta ce ka zo kafin ruwa ya sauka ka gani da idonka.

Kyauta na aiko maka, ko taro ba na so. Sharaɗi ɗaya ne: duk wanda ka nuna wa a zango, ka ce in ji Ɗantani. Zan sa direbobi su ƙidaya mini.

Ka huta lafiya. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne ubangidanka har gobe,
Ɗantani, sashen wasiƙu.